Sai na sayi kwamfuta uku kafin manhajata ta yi aiki ko'ina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Shara Mansur, Makka. Na rubuta wa kawuna 'yar manhaja da harshen C don lissafin kayan shagonsa na dabino da darduma. A Windows ɗina lafiya lau take tafiya, amma a kwamfutar ɗansa mai Linux ta ƙi haɗuwa, wato compiler ya ƙi mayar da rubutun manhaja mai aiki. Abokina ya ce sai na mallaki kwamfuta ga kowane tsari, har da Mac. Riyal ɗin da na tara ba su taka kara sun karya ba. Me zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka mayar da kuɗinka aljihu tukuna, matsalar tana cikin rubutunka ne.

Na tabbata ka sa windows.h, fayil ɗin umarnin Windows, a saman fayil ɗinka, alhali Linux bai san shi ba. Maganin shi ne ka bar wa manhajar da ke tace rubutu kafin haɗawa, wato preprocessor, ta zaɓa maka. Ka rubuta #if defined(_WIN32), ka zuba abin Windows a ƙasansa. Sai #elif defined(__linux__) don Linux. Sai #elif defined(__APPLE__) don Mac. Ka rufe da #endif. Ɓangaren da bai dace da tsarin ba, tun kafin a haɗa ake zubar da shi.

Kada sunan _WIN32 ya ruɗe ka: Windows mai bit 64 ma yana da shi. Android kuma yana ɗauke da __linux__, don haka in wata rana ka nufi waya, sai ka fara duba __ANDROID__.

Ga inda masu koyo ke shan kashi. Umarnin jira, wato Sleep na Windows, da milisakan (kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa) yake lissafi, sleep na Linux kuwa da daƙiƙa. Ka ba su 1000 su duka, Windows ya jira daƙiƙa ɗaya, Linux ya zaunar da kawu fiye da minti 16 mai saye na tsaye da kwalin dabinon Ajwa a hannu. Saboda haka ka tattara duk waɗannan sharuɗɗan a fayil guda, ka rubuta function ɗaya (guntun rubutun da ake kira da sunansa) mai suna jira, sauran manhajar ta riƙa kiransa. Watsa irin waɗannan #if ɗin a kowane lungu kan sa kai kanka ka kasa karanta abinka bayan wata biyu.

Batun saye: Linux kyauta ne, kuma da WSL, hanyar da Windows ta tanada don tafiyar da Linux, za ka kunna Ubuntu (wani nau'in Linux) a cikin Windows ɗinka ka gwada. In kwamfutar na nishi, ƙara mata RAM ya fi sabuwa araha.

Mac kuwa, waye a shagon ke amfani da shi? In babu, ka bar shi. Sai ranar da ka so shiga App Store, kasuwar manhajojin Apple, za ka buƙace shi, domin Xcode, manhajar Apple ta haɗa manhajoji, a macOS kaɗai yake aiki, ga kuɗin rajistar Apple dala 99 duk shekara, wajen riyal 371. Ranar ma, Mac mini na hannu mai M1 ya ishe ka, amma ka sa mai sayarwa ya cire asusunsa na iCloud a gabanka kafin ka miƙa ko halala.