Najdorf cikin sati biyu? Ga abin da ya same ni

Ƙanena, ka ce ekip ɗinku ta sa ka a allo na 3 a gasar eshek, saura sati biyu, kana tambaya ko ka koyi Sisiliyan Najdorf, wata hanyar buɗe wasa ta mai baƙi, don ranar da baƙi ya faɗo maka. Ni dai na ce ka bari sai bayan gasa.

Shigarta ba wuya (C na nufin doki): 1.e4 c5 2.Cf3 d6 3.d4 cxd4 4.Cxd4 Cf6 5.Cc3 a6. Daga nan ne ruwa ke zurfi. A taku na 6 mai fari na iya buga Fg5, Fe3, Fe2, Fc4 ko h3 (F na nufin fu, wanda ke tafiya a karkace), kowane da tasa hanyar. Fischer da Kasparov sun ci duniya da ita, amma shekaru suka yi suna haddarta.

Na taɓa yin wannan gangancin a nan Yamai. Allo huɗu ne, muna gaba da 2 da 1, wasana ne ya rage. Kunnen doki kawai zan yi mu tashi da biyu da rabi. To ni kuma tun farko na shiga Najdorf ɗin da na kwana uku ina kallo a YouTube a fadarmu, ana shayi. Abokin karawata ya sauke Fg5, ya bi da f4. Kafin taku na 12 rabin lokacina ya tafi wajen tuno abin da na gani a waya. Can ƙarshe, agogo na cin wuyana, na bar doki a banza. Aka tashi 2 da 2. Kapiten bai ce min uffan ba, shirun nan kuwa ya fi faɗa zafi.

A gasar ekip rabin makinka na mutum huɗu ne. Ko a Olimpiyad haka lissafin yake: ekip ɗin da ta ci karawa maki 2, kunnen doki maki 1.

In ka saba amsa e4 da e5, tsaya a kai. In dole sai ka sauya, Karo-Kan (1.e4 c6) ta fi saurin zama a ka. Da fari kuwa London ta ishe ka, d4 da Ff4. Masu raina ta su tuna Ding Liren ya ci Nepomniachtchi da ita a wasa na 6 na gasar kambun duniya a 2023.

Turo min wasanninka biyar na baya-bayan nan da ka riƙe baƙi, mu ga inda kake tuntuɓe.