Daga Bauchi zuwa tudun rairayin Bulatura da ƙaramar mota?

Malam, ka ce kana so ka kwashi iyali daga Bauchi zuwa Bulatura, ɓangaren hamada na Gandun Dajin Tafkin Cadi da ke ƙaramar hukumar Yusufari a Yobe, kuma kana tambaya ko Corolla ɗinka za ta kai.

Za ta kai ka Gashuwa, har Yusufari ma. Ka bi Darazo da Kari zuwa Potiskum, ka miƙe ta Jakusko. Amma daga inda kwalta ta ƙare, ajiye ta. Ka ɗauki hayar mota mai jan ƙafa huɗu da direba ɗan yankin, domin iska na shafe sawun taya, waya kuma ba ko'ina take kamawa ba. Za ka ga ya tsaya ya rage iskar tayoyi kafin ku shiga yashi, kada ka hana shi, haka taya ke shimfiɗuwa ba ta nutse ba. A sa shebur da igiyar ja a bayan mota, a cika tanki da jarka tun a Gashuwa, ruwan sha kuwa ya ninka abin da kuke tsammani.

Lokaci shi ne Nuwamba zuwa Fabrairu. Afrilu da yara ƙanana, ba na ba da shawara. Da sanyin nan ne kuma tsuntsayen Turai ke sauka Dagona, kusa da Gashuwa, ya cancanci ratse.

Kafin ka sa rana, tuntuɓi ma'aikatan gandun kan izinin shiga da halin tsaro, kuma kada magariba ta same ku a hanya.