Shin dodo yana barin sihirinsa a kunne dare da rana?

Tambaya: Malam, ni ne jagoran wasa a rukuninmu na Dungeons & Dragons (wasan tebur na labari da ake yi da ɗan lido), bugu na biyar. A zamanmu na ƙarshe 'yan wasana sun lallaɓa cikin kogon wani dodo mai suna Oni da tsakar dare, sai na ce musu ba su gan shi ba, domin littafin dodanni ya ce yana iya ɓacewa duk lokacin da ya ga dama. Gardama ta kaure, suka ce na yi musu rashin adalci. Shin sihirin da ba a iyakance wa dodo adadinsa ba, a kunne yake koyaushe?

Amsa: Malam, ina ganin 'yan wasanka sun fi ka gaskiya a wannan karon, kodayake kuskuren da ka yi jagorori da yawa suna yin sa. Idan littafi ya ce dodo yana iya yin wani sihiri duk lokacin da ya ga dama, abin da ya fayyace shi ne adadi kawai, wato sihirin ba ya ƙarewa kamar wanda aka ce sau ɗaya ko sau uku a rana. Bai ce sihirin yana aiki da kansa ba. Dole dodon ya kashe damarsa ta aiki a zagayen wasa ya yi shi, kuma sihirin zai daɗe ne gwargwadon wa'adin da aka rubuta masa.

Mu ɗauki Onin naka, bisa littafin dodanni na 2014. Sihiri biyu yake da su marasa iyaka: na ɓacewa, mai kama da abin da muke kira layar zana, da na saukar da duhu. Na ɓacewa awa ɗaya ne iyakarsa, yana karyewa da zarar mai shi ya kai hari ko ya yi wani sihirin, sannan yana buƙatar tattara hankali. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya yanke hukuncin gardamarku, domin wanda ya yi barci hankalinsa ya gushe, sihirin kuma ya faɗi nan take. Haka nan ba a tattara hankali a kan sihiri biyu a lokaci guda, don haka Oni ba zai kasance a ɓace kuma cikin duhun sihirinsa ba, sai dai ya zaɓi ɗaya. Wani abin da ake yawan mantawa shi ne, duhun nan yana toshe har idon da ke gani cikin dare, ke nan shi kansa Onin zai makance a cikinsa.

Amma ba duk sihiri ne haka ba, kuma a nan ne nake so ka tsaya ka duba da kyau. Rakshasa, wanda rayuwarsa gaba ɗaya yaudara ce a tsakanin mutane, yana da sihirin ɓad da kama mai ɗaukar awa ɗaya ba tare da tattara hankali ba. Irin wannan dodo, da ya shafe shekaru yana zaune a gari a matsayin attajiri, babu shakka zai riƙa sabunta kamarsa duk awa, kuma daidai ne ka ɗauka a rikiɗe 'yan wasa za su same shi. Sai dai an ɗauke masa kayan haɗin sihiri ne kawai, ba a ɗauke masa furuci da motsin hannu ba. Saboda haka attajirin nan zai riƙa neman uzurin fita daga zaure a tsakiyar hira, ya shige bayan labule, mai kunnen basira kuma ya jiyo shi yana raɗa wasu kalmomi. Wannan alama kyauta ce ga 'yan wasa masu lura. Sihirinsa na karanta tunani kuwa minti ɗaya ne, zagaye goma na faɗa ke nan, tun da kowane zagaye daƙiƙa shida ne. Kafin ya riƙe shi dare da rana sai ya maimaita shi sau 1,440, abin da hankali ba zai ɗauka ba. Zai yi shi ne idan baƙo ya zauna gabansa ana ciniki.

Wasan Pathfinder, mai kama da Dungeons & Dragons, wanda kamfanin Paizo ya fitar a 2009, ya kawar da wannan ruɗani ta hanyar ware layi na musamman ga sihirin dindindin, dabam da na duk lokacin da aka ga dama. Dodon da ake kira Balor, alal misali, an rubuta masa sihirin ganin haƙiƙa a layin dindindin, kuma idan aka karya irin wannan sihiri, cikin hanzari dodon yake mayar da shi. A bugu na biyar na Dungeons & Dragons ma akwai makamancin haka, domin abin da aka so ya dawwama ana sa shi cikin halittar dodon ko gaɓoɓin jinsa, kamar wutar da ke kewaye da jikin Balor, wadda ba ya buƙatar kunna ta.

Idan muka koma kogon nan, tambayar da ya kamata ka yi wa kanka ita ce ko Onin ya san da zuwansu. In da ya ji takunsu, ko wani ɗan aikensa ya tsegunta masa, daƙiƙa shida sun ishe shi ya ɓace ya laɓe yana jiran su, kuma babu mai ce maka komai. In kuwa sun jefa ɗan lido sun ci nasarar lallaɓawa, to haƙƙinsu ne su same shi kwance, ana ganin sa sarai, yana minshari. Shawarata ita ce, a farkon zama mai zuwa ka faɗa musu cewa ka sake duba dokar, ka mayar da wasan bakin kogon, ka bar su su sake jefawa.