Amsa: LM386 ɗina na fito idan na ƙara murya

Malam, ka ce amfilifayar LM386 da ka haɗa wa rediyonka a Daura tana fito da ƙugi da zarar ka ƙara murya. Yawanci kafasita ce ta yi wa IC ɗin (wato ita LM386 ɗin) nisa. Manna kafasita 100nF daf da IC ɗin, daga ƙafarsa ta 6 zuwa ta 4, da 220µF kusa da ita. Daga ƙafa ta 5 jera resista 10 ohm da kafasita 47nF zuwa giraun (layin negetif). In akwai kafasita 10µF tsakanin ƙafa ta 1 da ta 8, cire ta, ninkin sautin ya sauko daga 200 zuwa 20.

Sai dai ka kula da batirin sola: rana na takewa yakan haura 14V, alhali samfurin LM386N-1 iyakar wutar aikinsa 12V ce. Zafi zai yi, murya ta dishe. Sa 7809 (mai daidaita wuta zuwa 9V) a gabansa, ko ka nemi samfurin LM386N-4 mai jure wutar da ta fi haka.