Maganin da ba ya kashe ƙuda amma yake yanke zuriyarsa: amsoshin tambayoyin masu kiwo

Tambaya: Ina da kaji masu ƙwai a keji. Na sa maganin ƙuda mai suna cyromazine a abincinsu, yau kwana huɗu, amma ƙuda na nan kamar ban yi komai ba. Ko jabu aka sayar mini?

Hajiya, kada ki yi saurin yanke hukunci. Duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin buhun, in sun yi daidai ki ƙara haƙuri. Wannan magani yana cikin rukunin masu hana ƙwari girma, kuma ba ruwansa da ƙudan da ya riga ya yi fiffike. Kaza ta ci shi a abinci, ya fita tare da kashinta, tsutsar da ta ƙyanƙyashe a kashin ta ci. Tsutsa ba ta girma sai ta yi saɓa, kamar maciji, to nan maganin yake kama ta, ta kasa saɓar ta mutu. Da zafi irin namu, daga ƙwai zuwa ƙuda kwana 7 zuwa 10 ne, saboda haka sai bayan mako biyu za ki ga bambanci sosai. Waɗanda ke yawo yanzu ki bi su da tarko ko maganin da ake shafawa a bango.

Ma'aunin kaɗan ne ƙwarai, giram 5 na ainihin maganin a tan guda na abinci. In gaurayen kashi 1 cikin 100 kika saya, rabin kilo ke nan a tan. Cakuɗa wannan da shebur a ƙasa ba ya yin daidai, wata kaza ta samu da yawa wata ta rasa, gara a haɗa shi a injin niƙa. Ki ba su mako 4 zuwa 6 ki dakata. Gonakin da suka riƙa ba da shi shekara cur ba hutu sun wayi gari da ƙudan da maganin ba ya yi musu komai.

Abin da ya fi damuna shi ne mazubin ruwa mai yoyo. Kashin kaji in ya bushe tsutsa ba ta rayuwa a ciki, in ya jiƙe kuwa ko buhu nawa kika zuba asara ce. Ki zagaya ƙarƙashin keji da safe, duk inda kika ga danshi ki gyara a ranar.

Tambaya: An ce akwai maganin kaska da ake zuba wa saniya a gadon baya, ya hana kaskar hayayyafa. Zai yi wa garkena?

Akwai shi, Alhaji, sunansa fluazuron. Yana shiga jinin saniya, ƙaramar kaskar da ta sha ta kasa saɓa, uwar kuma ƙwanta ya ƙi ƙyanƙyashewa. A Ostireliya da Barazil ya yi suna, domin kaskar da ta addabe su tana yin duk girmanta a jikin saniya ɗaya. Mu kuwa wadda ta fi ba mu wahala ita ce babbar nan mai ado a baya, mai maƙalewa a hantsa da ƙasan wutsiya da farkon damina, wadda kirci ke biyo bayanta. Ita jikin dabba uku take bi kafin ta gama rayuwarta, sau da yawa tana isowa kan saniyarka ne ta riga ta girma. Maganin ba zai kakkaɓe ta ba. Cire ta da hannu da sassafe, yadda iyayenmu ke yi, har yau yana aiki, ka haɗa da wankan amitraz bisa ma'auni (amma kada amitraz ya taɓa doki ko jaki). Sannan fluazuron yana fita a nono, ba a zuba wa saniyar da ake tatsa don sha ko sayarwa, kuma yana daɗewa a jiki, sai kwanakin da aka rubuta a kwalba sun cika kafin a yanka.

Tambaya: Karfasar tafkina na goga jiki a bango, na ga wani abu kamar zare ya soke a fatarsu. In zuba maganin hana ƙwari girma mai suna diflubenzuron?

Malam, dakata tukuna. Abin da ka gani dangin jatan lande ne da ƙaguwa, mai ɓawo, shi ya sa maganin ke kashe 'ya'yansa lokacin saɓa. Manyan da suka riga suka soke ba sa ƙara saɓa, suna nan. A Norway ana ba kifin salmon irin wannan magani a abinci, da sa hannun likita, kuma ko a can ana ƙorafin illarsa ga jatan lande. Kai ma zai kashe maka ƙananan halittun ruwan da 'ya'yan kifi ke ci, in ka saki ruwan a rafi ya cuci na ƙasa da kai. Kifin ci ne wannan, kada ka zuba masa na feshin gona.

Kira likitan dabbobi ya ga kifin da idonsa. Bayan ka kwashe, ka busar da tafkin har ƙasarsa ta tsage, ka barbaɗa farar ƙasa, ka sa raga a mashigar ruwa don kifin rafi kada ya shigo da cutar. Sabbin 'ya'yan da ka sayo ka killace su mako biyu a wani mazubi daban kafin su shiga tafki.