Cakulan da madarar aya: yadda muke yin sa a zangon Kumasi

Yaya, barka da war haka. Ya maigida da yara, ya zafin Kano? Tambayarki ta iso, kuma na ji zolayar da ke ƙunshe a ciki: wai mu mutanen kurmi mun bi sahun Turawan nan masu ƙyamar nono da nama, har muna dama cakulan babu madara. To ki kwantar da hankalinki, har yanzu muna cin balangu. Abin da ya sa ba ki ga madara a kwanon nan ba, tun fil azal da aya ake yin sa, cakulan ɗin ne ma baƙo a ciki.

Sai kin tuna inda muke zaune. Kudancin Gana daji ne mai duhu da ruwan sama, gidan ƙudan tsando, shi kuwa yana sa wa shanu sammore. Shanun da ake yankawa a Kumasi yawanci daga arewa ake ɗoro su a mota, daga wajen Tamale da Bolgatanga har Burkina Faso, kuma mahauta suka nufa. Kakanninmu da suka biyo hanyar goro, wadda a da take tsayawa a Salaga kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar garin, mutane su gangaro kudu, sun baro ƙwaryar nono a baya. Ba na ce babu shi kwata-kwata ba. A Aboabo da Asawase za ki samu fura da nono, da burkina (abin sha na gero da nono), da cukun wagashi. Amma abin da gida-gida ake kira madara shi ne na gwangwani, su Ideal da Peak da Nido, kuma da cokali ake auna su saboda tsada. Babu uwar da za ta juye gwangwani uku a tukunya don yara su yi kwaɗayi.

Akwai kuma maganar ciki. Mutane da yawa a nan, har da Hausawa, in sun sha ɗanyar madara sai ciki ya kama ƙugi da kumburi, wani har gudawa. Dalili shi ne madara tana da nata sukarin, hanji kuma yana buƙatar wani sinadari don ya narkar da shi, kuma a jikin akasarin mutane sinadarin yana raguwa bayan yaye. Fulani makiyaya suna cikin waɗanda da yawansu Allah ya bar musu shi har tsufa. Nono mai tsami ya fi sauƙi, domin tsamin ya riga ya cinye wani ɓangare na sukarin, shi ya sa wanda kindirmo bai dame shi ba yake iya shan wuya da kofin madara. Autata tana cikinsu.

Ku a gida kun san aya a kunun aya, a niƙa da dabino da kwakwa a sha da sanyi. Maƙwabtanmu Asante da Fante suna kiran aya atadwe, kuma suna dafa ruwanta da ɗan ƙullin shinkafa har ya yi kauri, a zuba a kofi ya huce a sha da cokali. A wurinsu muka koya. Ayar kanta wata daga tsaunukan Kwahu take zuwa, musamman garin Aduamoa, wata kuma busasshiya daga Nijar, wadda ake nomawa a yankin Maraɗi. Sirrin duka yana cikin sitacin da ke jikin aya. Shi ne farin abin nan da yake kwantawa a gindin robar kunun aya, kuma da ya ji wuta sai ya kumbura ya kama ruwan. Don haka ne ku ba ku tafasa kunun aya, mu kuma abin da kuke gudu shi muke nema.

Sauran garin koko, kokon cakulan nake nufi, ba na safe da ƙosai ba. Ki fita Kumasi ta kowace hanya, ba za ki yi nisa ba sai ga gonakinsa. Tun da wani ɗan ƙasar nan mai suna Tetteh Quarshie ya dawo da irinsa daga tsibirin Fernando Po ya shuka a Mampong ta Akuapem a 1879, ƙasar nan ta rataya a wuyan bishiyar, har aka yi shekaru Kodebuwa ce kaɗai ta fi ta nomansa a duniya. 'Yan arewa sun daɗe suna ƙwadago a gonakin, wasu bisa tsarin abusa, inda mai kula da gona yake ɗaukar kashi ɗaya cikin uku. In kin je ƙauye daga watan Oktoba za ki ga an fasa 'ya'yan da adda, yara suna tsotsar farin naman da ke lulluɓe da ƙwayar, mai zaƙi da ɗan tsami. Sai a tara ƙwayoyin a rufe da ganyen ayaba kusan mako guda su ruɓa, sannan a shanya a kan tabarmin gora. Warin kamar na giya ne, amma in ba a yi haka ba ɗanɗanon cakulan ba ya fitowa. Abin takaici, buhunan tashar jirgin ruwa suke wucewa, manomi da yawa kuwa sai ya shekara bai sa cakulan a baki ba. Mu na birni gari muke saya, irin wanda masana'antar koko ta Tema mai tambarin Golden Tree take yi.

A nan ne masu sabon hannu suke faɗawa rami: Milo ba garin koko ba ne. Akwai madarar gari da sukari a cikinsa, in kin yi da shi don mai ciwon ciki, kin yi aikin banza. Ki nemi wanda aka rubuta zallan koko, mai ɗaci, wanda in kin lasa za ki yamutsa fuska. Cakulan na sanda ma, ko da baƙi ne, ki karanta bayan takardar, wasu suna sa man shanu ko madara.

Ga yadda nake yi, da gwangwanin madara da ya ƙare nake awo. Busasshiyar aya gwangwani uku, a tsince tsakuwa, a wanke sosai, a jiƙa ta kwana. Shinkafa rabin gwangwani, ita ma a jiƙa daban. Da safe a haɗa a niƙa da ruwa kamar lita guda, a tace da ƙyalle mai laushi, ba rariya ba, domin dusar aya tana kartar maƙogwaro. Ni sau biyu nake tacewa. Sai ki ɗebi garin koko cokali huɗu na cin abinci ki haɗa da sukari cokali biyar ko shida tun suna busassu, ki ɗiga ruwan zafi kaɗan ki dama ya zama kamar ƙulli. Kada ki watsa garin kai tsaye cikin ruwan aya mai sanyi. Yana da maiƙo, yawo zai yi a sama ya dunƙule, ki yi ta bin gudaji da bayan cokali. Ki juye ƙullin a cikin ruwan ayar, ki sa ɗan gishiri a bakin yatsa, ki ɗora a wuta marar ƙarfi.

Daga nan babu zama, babu amsa waya. Ki riƙe muciya kina juyawa kina kankare gindin tukunya. Da farko za ki ga kamar ba abin da ke faruwa, ruwa tsululu launin ƙasa. Can sai ki ji muciyar ta fara nauyi, launin ya ƙara duhu yana sheƙi, kumfa manya suna tasowa ɗaya-ɗaya suna fashewa. Minti goma zuwa sha biyar ke nan. Ki tsoma cokali ki ja yatsa a bayansa. In layin ya tsaya bai rufe ba, ya yi. Ki sauke tun yana zubowa, domin in ya huce zai ƙara kamawa. Wadda ta jira ya yi kauri a kan wuta, tuwo za ta kwashe.

Sai a zuba a ƙananan kofuna. In ba kya son fatar da take yi a sama, ki shimfiɗa leda mai tsabta ta taɓa fuskarsa, ko da yake a gidana faɗa ake yi a kan fatar. Awa uku a firji ya isa. In an ɗauke wuta, abin da 'yan nan suke kira dumsor, a sa kofunan cikin roba mai ruwan sanyi a sha a ranar. Aya ba ta da haƙuri, ko a firji ba na barin sa ya wuce kwana biyu.

Hannu ya bambanta. Matan Nima a Akara da na sani sun fi son kwakwa: a goge, a tatse da ruwan ɗumi, a ɗaure da farin garin masara cokali uku maimakon shinkafa. Ya fi maiƙo da santsi, amma kwakwar tana danne ƙamshin koko. Yaran zamani kuma suna markaɗa fiya da koko da zuma ba tare da wuta ba. Na ɗanɗana, ban ce komai ba. Ni dai in zan ƙara wani abu, 'yar citta ce da kanumfari ƙwaya biyu, sai dabino a madadin rabin sukarin, musamman da azumi, lokacin da ake aika kofuna maƙwabta tare da ƙosai, har gidajen Kiristocin layinmu.

Ke da kike da kindirmo a ƙofar gida, babu wanda ya hana ki. Amma ki fara gwada shi da aya zalla, tunda taku ta fi tamu araha. Garin koko ne zai ba ki wahala, don haka zan ba direban da ke zuwa Kano ƙunshi biyu ya kawo miki. Ki ajiye shi a rufe, nesa da daddawa da yaji, yana saurin ɗaukar wari. A gaida Inna.