Ƙurar da ke sama da wadda ke shiga ido

Ɗana, tambayar da ka yi mini bayan sallar Azahar ban amsa ta yadda ya kamata ba, aiki ya sha mini kai. Ka ce taswirar ƙura ta nuna ja wur a kan Legas, ka rubuta a rahoton yanayi cewa hazo zai rufe gari, sai gari ya waye ana hango jirage tun daga nesa a Ikeja. Kana so ka sani ko kwamfuta ce ta yi ƙarya. Ba ta yi ƙarya ba, kai ne ka karanta amsar tambayar da ba ka yi ba.

Taswirar nan tana auna yawan hasken ranar da ƙura ke tarewa ne, tun daga ƙasa har ƙololuwar sama, a dunƙule. Kamar ka leƙa rijiya ne ka ga ruwan ya yi duhu, amma ba ka san ko dattin a kan ruwan yake ko can ƙasa ba. Matuƙin jirgi kuwa abin da ya dame shi shi ne nisan da idonsa zai kai a kan titin sauka.

Bari mu bi ƙurar daga gidanta. Mai yawa daga cikin hazon hunturunmu daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake tasowa, tsohon gadon tafki ne da ya ƙafe. Iska na matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi ta share farar ƙasar wurin, wadda ragowar ƙananan halittun ruwa ce. Da dare iskar mai gudu tana can sama, sai rana ta ɗaga ta dumama ƙasa sannan ta sauko ta fara ɗiba. A nan lissafin kwamfuta ke yawan tuntuɓe, domin idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙurar da za ta tashi tana iya ninkawa sau takwas. Ɗan kuskure a iskar Chadi da safe, bayan 'yan kwanaki ya zama babban kuskure a wurinmu.

Mutumin Kano ko Maiduguri a ƙofar gida ƙurar ke samun sa. Mu a nan akwai teku. Iskar teku mai danshi tana kutsawa ta ƙasa, busasshiyar iskar arewa ta hau kanta ɗauke da ƙurarta, ta wuce ta saman kanmu. Shi ya sa ka ga sama ta yi fari fat, rana ta dusashe har kana iya kallon ta, amma ƙasa garau. Ƙura ba ta sauko mana sosai sai layin da iskokin biyu ke haɗuwa ya gangara kudu ya faɗa teku. Ranar da haka ta faru ba sai an gaya maka ba: danshi zai faɗi, iska ta juyo daga arewa maso gabas, leɓe ya tsage. Don haka kafin ka rubuta komai, buɗe taswirar ƙurar da ke dab da ƙasa, ka duba inda layin nan yake, sannan ka duba ma'aunin danshi.

Ka kuma san girman idon abin da kake aiki da shi. Hasashen shirin Copernicus, wanda cibiyar hasashen yanayi ta Turai ke fitarwa sau biyu a rana na kwana 5, yana yanka duniya gida-gida, kowane gida kusan kilomita 40. Agege da Obalende kusan abu ɗaya ne a wurinsa. Ni nakan gwada shi da na cibiyar ƙura ta Basalona da ke ƙasar Sifen, in leƙa kuma ma'aunin ƙura da ke kallon rana a Jami'ar Ilorin tun 1998. Idan Ilorin ta cika da ƙura, na san baƙo na hanya.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne hayaƙinmu na gida. Lissafi ba ya ƙirƙirar hayaƙi, sai an ba shi ƙiyasin abin da motoci da masana'antu ke fitarwa. To wa ya ƙirga janaretocin da ake tayarwa a Idi-Araba in an ɗauke wuta? Ga tirelolin Apapa, ga motocin haya na danfo, ga ƙona shara, irin gobarar jujin Olusosun ta 2018 da ta turnuƙe Ojota. Tauraron ɗan Adam na Sentinel-5P, da aka harba a 2017, yana ganin gurɓatacciyar iskar da injina ke fitarwa, amma sau ɗaya yake ratsa mu, wajen ƙarfe ɗaya da rabi na rana. Cunkoson asuba a kan gadar Third Mainland ya wuce shi. Wannan iskar ce kuma, in ta gamu da tururin fetur a cikin zafin rana, take haifar da ozon na ƙasa, wata iska mai sa ido yaji da ƙirji nauyi. Ina tuna masu asma duk lokacin da nake rubuta irin wannan rahoto, kai ma ka riƙa tunawa da su.

Akwai kuma safiyar da nisan gani zai ragu alhali babu ƙurar Chadi ko kaɗan. Ƙwayoyin hayaƙi da gishirin teku ne suka sha danshin dare suka kumbura. Wannan yakan washe in rana ta yi zafi, hazon hunturu kuwa wuni yake yi. Kada ka ba su suna ɗaya a rahoto.

Gobe ka zo ƙarfe biyar da rabi. Za mu hau bene mu auna nisan gani da ido, ka rubuta lambarka a takarda, sannan mu kunna kwamfuta.